'Yar haya ta karye a matattakalar bene a Ingila: alhakin wa ne, kuma inshorar wa za ta biya?

Bakatsine_Manchester:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar gidaje a nan Ingila, domin wani al'amari ya same ni wanda ya hana ni barci tun makon jiya. A 2017 na sayi fulat mai ɗaki biyu a hawa na biyu na wani bene mai fulat 12, mallaka irin ta wa'adi, wato ƙasa da gangar jikin ginin na wani kamfani ne, ni kuwa takardar shekara 125 nake riƙe da ita. Da iyali suka ƙaru sai muka koma gida mai ɗan faɗi, na zuba haya a fulat ɗin da izinin banki da na mai asalin ginin. Wata biyu da suka wuce 'yar hayata tana saukowa da asuba za ta tafi aiki, ta dafa ƙarfen da ke jikin bangon matattakala, ƙarfen ya ɓalle, ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Aikin kula da tsofaffi take yi, saboda haka tun ranar ba ta koma aiki ba. Yanzu ga wasiƙar lauya ta zo da sunana ana neman diyya. Matattakalar nan ba a cikin fulat ɗina take ba, ta kowa da kowa ce, kuma duk shekara ina biyan kuɗin hidimar gini wanda a cikin lissafinsa akwai kuɗin inshora. Shin ni ne da alhaki ko kamfanin? Kuma inshorar da nake biya ba ita ce za ta tsaya mini ba?

Abu_Fadila:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, kai kuma Allah ya fitar da kai. A fahimtata ba ka da abin damuwa, tunda wurin da ta faɗi ba naka ba ne, kuma tunda kana biyan inshorar ginin, ka tura musu wasiƙar kawai su ji da ita.

Barista_Zazzau:
Malam Abu Fadila, rabin maganarka daidai ne, amma rabin da ya rage shi ne wanda ke jefa mutane cikin wahala, saboda haka bari in warware shi. Biyan kuɗin inshora daban, kasancewa wanda inshorar ke karewa daban. A irin wannan bene mai asalin ginin ne, ko kamfanin da ke kula da shi, yake sayen inshora guda ɗaya ga ginin baki ɗaya, sannan ya raba kuɗin a kan masu fulat. Yawanci takardar tana da sashe biyu: na ɓarnar gini kamar gobara da ambaliya da fashewar bututu, da kuma na alhakin mai gini idan wani ya ji rauni. Sashe na biyun yana kare waɗanda aka rubuta sunansu a takardar ne, kuma sau da yawa su ne mai asalin ginin da kamfanin kulawa. Wasu takardun suna faɗaɗa kariyar har ta kai ga masu fulat, wasu kuma ba sa yi, musamman idan mai fulat ba shi ke zaune a ciki ba, haya ya bayar. Babu hanyar sani sai an karanta takardar kanta.

Game da alhaki kuwa, doka ta 1957 kan haƙƙin baƙo a kan mai riƙe da wuri ta ɗora wa wanda wurin ke hannunsa nauyin kula da lafiyar masu shige da fice gwargwadon hankali. Matattakala da zaure da lif a hannun mai asalin ginin ko kamfanin kulawa suke, don haka su ne a sahun gaba. Sai dai sashe na 11 na Dokar Mai Gida da Ɗan Haya ta 1985 ya wajabta wa duk wanda ya ba da hayar ƙasa da shekara bakwai gyaran gangar jikin gida da wajensa, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 1988 ya kai wannan nauyi har ga sauran sassan benen da mai ba da hayar yake da haƙƙi a kansu. Ta wannan ƙofa ce lauyan ya iso gare ka. Tambaya ɗaya zan yi maka, Malam Bakatsine, kuma amsarta tana da nauyi ƙwarai: kafin ranar da ta faɗi, ta taɓa sanar da kai cewa ƙarfen yana motsi?

Bakatsine_Manchester:
Barista, ba zan ɓoye ba, ta sanar da ni. Kimanin mako biyar kafin abin ya faru ta turo mini saƙo ta WhatsApp tare da hoton ƙarfen, ana ganin ƙusoshinsa sun fara fita daga bango. A ranar na buga wa ofishin wakilin da ke kula da ginin waya, wata mata ta ɗauka ta ce za su turo ma'aikaci. Ban rubuta musu komai ba, ban kuma sake bibiya ba, domin na ɗauka an gyara.

Barista_Zazzau:
Na gode da ka faɗi gaskiya, domin da ita ake gina kariya mai ƙarfi. Dalilin tambayata shi ne wata shari'a da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2016, wadda ta yi kama da taka sosai. Wani mai fulat na wa'adi a garin Runcorn ya ba da haya, ɗan hayan ya fito zai kai shara wurin zuba sharar ginin, ya yi tuntuɓe da dutsen daɓen da ya tashi a gaban ƙofar benen, ya ji ciwo a hannu da gwiwa. Kotun farko ta ba shi diyyar fam 3,750. Aka ɗaukaka ƙara aka soke, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maido da hukuncin, daga ƙarshe Kotun Ƙoli, a hukuncin da Lord Neuberger ya rubuta, ta wanke mai fulat ɗin. Hujja biyu ta kafa. Ta farko, daɓen da ke waje ba ya cikin abin da ake kira wajen ginin a ma'anar sashe na 11. Ta biyu, ko da yana ciki, mai fulat ɗin ba ya zaune a wurin, ɗan hayan ne yake bi ta nan kullum, saboda haka nauyin gyara ba ya hawa kansa sai an sanar da shi aibin, kuma ba a sanar da shi ba.

Kai kuwa matsayinka ya bambanta ta fuska biyu. Matattakala tana cikin ginin, kuma an sanar da kai. Amma wannan ba ya nufin shari'a ta ƙare a kanka. Ba ka da ikon kawo maƙeri ka taɓa bangon da ba naka ba, kuma dokar ta 1985 ta tanadi kariya ga wanda ya nuna ya yi iyakar ƙoƙarin da hankali zai karɓa don samun damar a yi gyaran amma abin ya faskara. Abin da za a auna shi ne ko kiran waya guda ɗaya a cikin mako biyar ya kai wannan ma'auni. Ka nemi lissafin kiran wayarka na wannan rana daga kamfanin layinka, kada kuma ka goge ko da saƙo ɗaya.

UmmuHafsat_Leeds:
Ni abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne halin da baiwar Allah nan take ciki, domin na yi aikin kula da tsofaffi shekara shida kuma na san yadda ake biyansa. Da yawa daga cikinmu awa ake ƙirga mana, ranar da ba ka fita ba babu albashi sai ɗan kuɗin jinya na doka wanda ba ya isar ko haya. Wanda ya karye a wuyan hannu ba zai iya ɗaga tsoho daga gado ba, ba zai iya yi masa wanka ba. Kada mu ɗauki zuwanta wurin lauya a matsayin cin amana. Ta ga aibi, ta sanar, ba a gyara ba, ta ji ciwo. Yaya Bakatsine, ka je ka duba ta kuwa?

Bakatsine_Manchester:
Hajiya, ni da maiɗakina mun je dubiya tun washegarin da aka sallame ta, muka kai mata abinci, na ba ta haƙuri, na kuma rage mata rabin hayar wannan wata. Yanzu wani abokina yana cewa haƙurin da na ba ta da ragin hayar za su zama hujja a kaina, wai na amsa laifi da bakina.

Barista_Zazzau:
Hankalinka ya kwanta ta wannan fuska. Dokar Diyya ta 2006, a sashe na 2, ta ce ba da haƙuri, ko tayin magani, ko wani taimako makamancinsa, ba ya zama amsa laifin sakaci shi kaɗai. Dubiya da sannu da jiki ba su saɓa wa komai ba, kuma ni ba zan taɓa ba Musulmi shawarar ya ƙaurace wa maƙwabcinsa marar lafiya don tsoron kotu ba. Abin da za ka kiyaye shi ne rubuta mata ko lauyanta cewa laifin naka ne kuma za ka biya kaza, domin kusan kowace takardar inshora tana da sharaɗin kada mai ita ya amsa alhaki ko ya yi sulhu ba da yardar kamfanin ba.

Alhaji_Sabongari:
Ni ina ganin an yi nisa da yawa. Idan matar nan 'yar'uwarmu ce da muke haɗuwa da danginta a masallaci, me zai hana a samu dattawa biyu su zauna da ku, a ƙiyasta asarar da ta yi, ka biya, ta janye takardar lauya? Mu da muka zo ƙasar nan tun shekarun 1990 haka muke kashe wutarmu a cikin gida, kuma zumunci bai taɓa lalacewa ba. Lauyoyin nan da ke cewa ba a biyansu sai an yi nasara, ai daga cikin diyyar suke yankar rabonsu, wanda zai iya kaiwa kashi 25 cikin 100. Da a ba su, gara ya shiga hannunta.

Hadiza_Akawu:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, sulhu alheri ne kuma babu mai ja da haka. Sai dai ina roƙon a yi haƙuri da shi har a san abu biyu. Na farko, ba a san iyakar raunin ba tukuna. Karayar wuyan hannu wani lokaci takan warke sarai, wani lokaci kuma takan bar rauni na dindindin, kuma dattawa ba su da ma'aunin ƙiyasta albashin shekarun da ke gaba. Idan aka ba ta kaɗan aka rufe magana, ita aka zalunta. Na biyu, idan Malam Bakatsine ya biya daga aljihunsa yau, to ya sauke wa kamfanin da aka buga wa waya suka yi biris nauyin da watakila nasu ne, alhali suna da inshorar da shi kansa yake zuba kuɗinta duk shekara. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: ko da yake jinyar NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, kyauta ce ga majinyaci, idan aka biya diyyar rauni gwamnati tana da ikon karɓar kuɗin jinyar da na motar asibiti daga wanda ya biya diyyar. Wannan lissafi ne da kamfanin inshora ya saba da shi, amma mutum ɗaya zai iya tsintar kansa a ciki ba shiri.

Alhaji_Sabongari:
'Yata Hadiza, na karɓi maganar jira har a san iyakar raunin. Amma ban sauka daga kan cewa dattawa su shiga tsakani ba, ko da don kada gaba ta shiga tsakanin gida biyu yayin da takardu ke kai da kawo.

Malam_Birnin_Konni:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa, domin sharaɗin sanarwa da Barista ya kawo daga Kotun Ƙoli ba baƙo ba ne a wurin duk wanda ya yi karatun zaure. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, a babin da ake maganar lamunin ɓarna, an kawo mas'alar katangar da ta karkata ta faɗa wa mutum ko dukiya. Mai katangar yana lamuncewa idan abu uku suka haɗu: katangar ta karkata, an gargaɗe shi, kuma ya sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba. Ku dubi yadda wannan ya zo daidai da tambayoyin da ake yi wa ɗan'uwanmu: akwai aibi, an sanar, mako biyar sun wuce. Abin da ya rage a mas'alarsa shi ne wane ne mai katangar, kuma shin isar da gargaɗin ga mai ita da baki ya sauke nauyi. Malamanmu sun ƙarfafa kafa shaida a kan gargaɗi saboda irin wannan rana, kuma a zamaninmu rubutaccen saƙo shi ne shaidar. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ɗauka biyan diyyar rauni al'adar Turawa ce da aka ɗora mana. Haƙƙi ne da shari'armu ta san shi tun da daɗewa.

Sadiq_Bradford:
Allah ya saka da alheri, Malam. To tunda an zo nan, ina da tambayar da ta daɗe tana damuna. Ni ma ina da fulat da na ba da haya, kuma da gangan na ƙi sayen inshorar mai gidan haya saboda na ji malamai suna cewa inshora haramun ce. Ta ginin dole ce, tana cikin kuɗin hidima, ba ni da zaɓi. Amma wadda zan je in saya da kaina fa?

Malam_Birnin_Konni:
Malam Sadiq, abin da ka ji yana da asali. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas, mai yawa wanda ke ɓata ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya, wadda muke kira takaful, a matsayin mafita. A Najeriya yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi, amma a nan Birtaniya samun irinta ga mai gidan haya abu ne mai wuya, shi ya sa malamai da dama da ke zaune a Turai suka yi rangwame a inda doka ta tilasta ko buƙata ta tsananta. Ni abin da nake so ka auna shi ne wannan: inshorar alhaki ba dukiyarka kaɗai take karewa ba, haƙƙin wanda zai ji rauni a gidanka take lamuncewa. Idan yaron ɗan hayarka ya naƙasa saboda aibin da ke wuyanka, kotu ta yanke abin da ko ka sayar da fulat ɗin ba zai biya ba, wa zai ɗauki nauyin yaron? A da dangin mutum na wajen uba ne suke haɗa diyyar kuskure, a nan kuwa ba ka da su kusa. Ka kai mas'alarka ga malamin da ka amince da shi, ka faɗa masa wannan ɓangaren ma, kada ka tsaya ga rabin tambaya.

Injiniya_Gusau:
Ina so in dawo da mu kan abin da ke cikin fulat, domin duk maganar ta tafi kan matattakala, alhali mafi yawan haɗarin da ke kan mai ba da haya yana bayan ƙofar fulat ɗin ne, inda babu wani kamfani da zai raba nauyi da shi. Dokar iskar gas ta 1998 ta wajabta a duba na'urorin gas duk shekara ta hannun ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe, a kuma ba ɗan haya kofin takardar. Dokar 2020 ta wajabta duba wayoyin lantarki aƙalla sau ɗaya a shekara biyar. Dole a sa na'urar ƙarar hayaƙi a kowane hawa, kuma tun Oktoban 2022 dole a sa ta gano iskar guba a duk ɗakin da ke da abin ƙona makamashi kamar tukunyar ɗumama gida, ban da murhun girki na gas. Na shiga gidajen haya da yawa a bakin aikina, kuma abin da na fi gani shi ne an cire batirin na'urar hayaƙi saboda tana kuka idan ana suya, babu wanda ya mayar.

Barista_Zazzau:
Injiniya ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma a nan ne sharaɗin sanarwa yake yin rauni. A 1973 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta wanke wani mai gida da rufin ɗakin kwana ya rufto wa 'yan hayarsa, saboda babu wanda ya san da aibin balle ya sanar. Amma sashe na 4 na Dokar Gidaje Masu Aibi ta 1972 ya zo da ma'auni mai tsauri: mai gida yana da alhaki idan ya sani, ko kuma ya kamata a ce ya sani. Wanda ya shekara uku bai leƙa gidansa ba ba zai fake da cewa ba a gaya masa ba. Kuma wannan kariya ba ta ɗan haya kaɗai ba ce, ta haɗa da matarsa da 'ya'yansa da baƙonsa. Masu rubuta wa a takardar haya cewa mai gida ba ruwansa da duk raunin da aka ji, su sani dokokin biyu, ta 1972 da ta 1985, ba su yarda a yi sharaɗin kauce musu haka kawai ba. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar 1945 ta ba kotu ikon rage diyya idan wanda ya ji raunin yana da nasa kason sakacin. A mas'alar Malam Bakatsine za a iya tayar da cewa ta san ƙarfen yana motsi tun da ita ta ɗauki hotonsa, ko da yake mai saukowa bene da asuba dafa ƙarfe yake yi ba tare da tunani ba, kuma alƙali ya san haka.

Maman_Ilham:
Ni 'yar haya ce, ba mai gida ba, kuma ina so masu gidaje a cikinmu su ji wannan. Mun shekara biyu a wani fulat da danshi ya cinye bangon ɗakin yara har ya yi baƙi. Mai fulat ɗin yana cewa daga rufin bene ne, aikin kamfani ne, kamfani kuma suna cewa ba su san mu ba, da mai fulat suke da yarjejeniya. Muka zama kamar ƙwallo a tsakaninsu, ɗiyata kuwa kullum tari. Duk wanda ya ji labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da iyayensa suka zo daga Sudan, wanda ya rasu a Rochdale a Disambar 2020 saboda funfunar da ke gidansu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan haya mutum ɗaya ya sani, wanda yake ba kuɗi duk wata. Idan kun karɓi saƙonmu, don Allah kada ku tsaya ga kira ɗaya, ku bi shi har a gyara, domin ku ne kuke da bakin magana da kamfanin, mu ba mu da shi.

Bakatsine_Manchester:
Maman Ilham, maganarki ta shige ni, kuma gaskiya ce. Da na bibiya ko sau ɗaya a cikin makonnin nan biyar, da watakila ba mu zo nan ba.

Dan_Abuja_Garki:
Ni daga gida nake bibiyarku. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mu ma muna da irin wannan a rubuce. Sashe na 65 na tsohuwar Dokar Inshora ta Najeriya ta 2003, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ya wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga, har da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai, saboda rushewa da gobara da ambaliya, tare da alhakin mai gini ga wanda ya ji rauni ko ya rasu, kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ke sa ido. Amma ni ban taɓa zama gidan hayar da mai shi ya nuna mini irin wannan takarda ba. Idan abu ya faru sai a ce ƙaddara ce, a yi jaje a watse.

Hadiza_Akawu:
Malam Bakatsine, ga abin da nake ganin ya kamata ka yi a wannan mako, domin wasiƙar lauya ba a barinta ta kwana da yawa. A ƙa'idar da ake bi kafin shiga kotu kwana 21 ake bayarwa a amsa cewa an karɓe ta. Ka rubuta wa mai asalin ginin ko wakilinsa kana neman taƙaitaccen bayanin inshorar ginin. Wannan haƙƙinka ne a dokar 1985, kuma kwana 21 suke da shi su ba ka, kana kuma da ikon neman ganin cikakkiyar takardar. Tun ranar 31 ga Disambar 2023 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙara tsaurara ƙa'ida, ta wajabta a bayyana wa masu fulat abin da inshorar ta ƙunsa da kamashon da aka karɓa a kanta, bayan kukan da aka yi ta yi kan tsadar inshorar benaye tun gobarar benen Grenfell da ke Landan ta 2017. A cikin wasiƙar ka sanar da su da'awar, ka ambaci ranar da ka kira su, ka nemi su miƙa wa kamfanin inshorarsu. Sannan ka binciki takardunka na lokacin da ka karɓi izinin banki. Dillalai da yawa sukan haɗa wa mai fulat ƙaramar inshorar kayan ɗaki ta mai gidan haya, kuma irin wannan takan zo da kariyar alhaki ta fam miliyan 2 ko miliyan 5 a cikinta. Idan kana da ita, ka sanar da su yau, domin jinkirin sanarwa kansa yakan zama dalilin ƙin biya. Hukumar ba da shawara kan mallakar wa'adi, LEASE, tana ba da shawarar farko kyauta.

Abu_Fadila:
Na janye maganata ta farko, kuma na gode da gyara. Ni kaina shekara huɗu ina zaton layin inshorar da ke cikin kuɗin hidima ya rufe ni ta kowace fuska. Yau da dare zan nemo takardar in karanta.

Sadiq_Bradford:
Barista, idan mutum ya sayi inshorar yau, za ta rufe abin da ya riga ya faru? Kuma har tsawon wane lokaci ɗan haya yake da damar kai ƙara?

Barista_Zazzau:
Ba za ta rufe ba, Malam Sadiq, domin irin wannan inshora tana bin ranar da raunin ya auku ne, kuma ɓoye abin da ka sani lokacin saye yana iya rushe takardar gaba ɗaya. Haka nan wanda ya bar inshorarsa a matsayin mazaunin gida alhali ya zuba haya, yana biyan kuɗi ne a kan takardar da za a iya ƙin girmamawa ranar buƙata. Wa'adin ƙara kuwa, a dokar 1980, shekara uku ne daga ranar rauni ko ranar da aka gane shi. Idan yaro ne, ƙirgen ba ya farawa sai ya cika 18, wato yana da dama har ya kai 21. Saboda haka takardun duba gas da lantarki da saƙonnin gyara ba abin zubarwa ba ne ranar da ɗan haya ya tashi. Duk wannan bayani na Ingila ne. Wales tana da tata dokar haya tun Disambar 2022, Sikotland kuwa tsarin mallakar benayenta daban ne.

Bakatsine_Manchester:
'Yan'uwa, ga inda aka kwana. Na bi shawarar Malama Hadiza na tono takarduna, na tarar ina da inshorar kayan ɗaki ta mai gidan haya da ake cire kuɗinta duk wata, kuma akwai sashen alhaki a ciki. Na kira su, sun buɗe fayil, sun ce kada in amsa wa lauyan da kaina, in turo musu komai. Sai dai jami'in ya ce za su duba ko kariyar ta tsaya ga cikin fulat ne ko ta kai har matattakala, kuma sai sun ga takardar mallakata kafin su yanke. Wakilin ginin ya amsa wasiƙata da cewa ba su da wani rubutu da ke nuna na kira su. Amma maƙwabcina na hawa na uku ya ce shi ya aika musu imel kan wannan ƙarfe tun kafin azumi, kuma ya yarda ya ba ni kofi. Alhaji Sabongari, na yi magana da limaminmu, zai je ya gaida ta ranar Asabar, ba don maganar kuɗi ba. An cire mata filasta, amma likita ya ce sai ta yi wata biyu tana gashi da motsa hannun kafin a san ko za ta iya komawa aikinta.

UmmuHafsat_Leeds:
Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Yaya Bakatsine, ƙarfen fa, an gyara shi yanzu, ko har yau sauran mutanen benen suna bi ta gefensa?